Tahi da Taho

Layin da nake turo kekena daga cikinsa kowace safiya tun gemuna yana baƙi, yau fili ne fetal. Sun zo da motocin rusau sun kwashe shi kamar yadda mace take kwashe toka a murhu, har da ɗan masallacin kan kwana, da shagon mai faci, da darbejiyar da muke jingina kekuna a jikinta. Sau ɗaya na koma, na tsaya ina juye-juye kamar baƙo ina neman inda ƙofar ɗakina take, ban gane wurin ba. Mutanen ɓangarenmu na unguwar Mahjar, a nan Jidda, duk sun watse. Wasu suna Waziriyya, wasu can bayan gari inda ko sunan unguwar bakina ba ya iya faɗa, wasu sun tattara sun koma gida. Ni ma 'ya'yana sun gama mini takardun fita, sun ce nan da wata biyu a Kano zan kwana, kuma ban yi musu gardama ba, don gwiwoyina sun riga su yanke hukunci. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Akwai mutumin da muka yi shekaru muna taka keke tare a garin nan, na bari ana zaginsa da laifin da bai yi ba, matarsa ta mutu tana fushi da shi, 'yarsa ta girma ba ta ambatar sunansa. Ni kaɗai na rage da na san abin da ya same shi, kuma in na hau jirgi ban faɗa ba, babu wanda zai faɗa.

Amma bari in fara da keken, tunda shi ya haɗa mu. Mu da muka zo aikin Hajji muka ƙi komawa, ba mu da iƙama, wato takardar zama, ba mu da kafili, ɗan ƙasa mai tsaya mana, ba mu da ko takardar da za mu nannaɗe ƙosai a ciki. In ka shiga bas, ka shiga akwati ne, ana tare ƙofa an gama da kai. In ka tafi a ƙafa, rana za ta gama da kai kafin 'yan sintiri su iso. Keke shi ne daidai da mu: ba lamba, ba lasisi, kuma duk lungun da kyanwa ta shiga zai shiga. 'Yan gari suna ce masa baskalita, mu dai keke muka sani. Nawa baƙi ne, ƙarfe zalla, mai birkin sanda, da kariya a baya wadda za ta ɗauki buhun shinkafa ba ta yi ƙorafi ba. Daga Mahjar zuwa Ruwais nake taka shi, inda nake goge ƙofofi a wurin wani kafinta, in je in dawo, kowace rana ban da Juma'a, da zafi da sanyi, da azumi da bayan azumi.

Wanda bai taka keke a Jidda cikin zafi ba bai san gumi ba. Iskar da ke tasowa daga teku jiƙaƙƙiya ce, tana manne wa mutum a fata kamar kunu, ka yi wanka ka fito ka rasa dalilin da ya sa ka yi. Riga biyu muke tafiya da su, ɗaya a jiki don hanya, ɗaya a leda don wurin aiki. Gorar ruwa mu naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu mu ɗaure a kariya. Sirdi kuwa sai ka rufe shi da kwali in za ka ajiye keke a rana, in ka manta, to da yamma a tsaye za ka tuƙa har gida, kana tuna mantuwarka. Ba ma cika wa taya iska sosai, don kwalta in ta yi zafi tub fashewa yake yi. Gishirin teku kuma yana cin kaca kamar gara, duk Alhamis sai mun roƙi baƙin mai a wurin makanikai mun shafe ta da tsumma. Duk da haka ina son safiyoyin nan, kuma har yau ina kewarsu. Gari shiru, sai kukan kaca da ƙarar fedar hagu da ta ƙi gyaruwa, da tantabaru suna tashi daga gabanka, da ƙamshin burodin tanda da wake da ake dama wa ma'aikata a kowace kwana. Yanzu in ka fito da asuba ba abin da za ka ji sai hon da hayaniyar na'urorin sanyaya ɗaki.

Mai facin layinmu wani tsoho ne haifaffen Jidda, wanda kakansa ya zo da ƙafa ta Sudan. Hausarsa rabi Larabci ce, kuma bai taɓa gyara maka keke bai yi maka faɗa ba. Shi ya koya mana kada mu bi ta jikin motar da ke tsaye, don a cewarsa direban garin nan ba ya duba madubi kafin ya buɗe ƙofa. Shi ya ce mu riƙa ɗaure ƙafar wando da roba, mu matse birki mu ji kafin mu hau, mu kalli tayar mota a mararraba, kada mu kalli fuskar direba. Duk mun bi. Abu ɗaya ne muka ƙi masa, fitila. Duk keken da ya shigo hannunsa sai ya ɗaura masa fitila mai cin wuta daga taya da jan madubi a baya, mu kuma muna fita daga shagon mu kwance. Har ƙararrawa muke cirewa, kuma ba ma sa farar riga a hanya. Ya yi faɗan har ya gaji. "Ya jama'a, in dauriyya ba ta gan ku ba, mota ma ba za ta gan ku ba," haka yake cewa. Dauriyya ita ce motar 'yan sintiri, kuma ita muka fi tsoro nesa ba kusa ba. Kwanakin baya jikana ya kai ni bakin teku a mota, na ga samari a kan kekuna marasa nauyi, da hular kwano, da riguna masu ɗaukar ido, fitila tana ƙyaftawa gaba da baya da rana tsaka, an ja musu layinsu daban a gefen titi. Su tsoronsu kada a kasa ganinsu, mu kuwa namu tsoron kada a gan mu. Na yi ta kallonsu har yaron ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Abokin tafiyata Bagobiri ne daga wajen Maraɗi, dogo, siriri, mai dariya da dukan jikinsa. A wurin kafintan muka haɗu, ashe layinmu ɗaya. Shi yana ce mini Bakano, ni ina ce masa Bagobiri, har mutane suka manta da sunayenmu na yanka. Tunda ba ƙararrawa, da famfo yake ƙwanƙwasa ƙarfen kekensa a ƙofata bayan sallar asuba, sau uku, sannan ya ɗaga murya: "Kai, Bakano, mi kaka jira? Taho mu tahi, rana za ta hito!" Ni kuma ba na fitowa sai na tsokane shi. Mu a Kano zo muke cewa, mu ce tafi, kalma biyu da ba su ko yi kama ba. Su kuwa taho da tahi, wasali ɗaya ne tsakaninsu. Nakan ce masa, ku Gobirawa rowa ce ta sa kuka sayi kalma ɗaya kuka raba ta biyu. Ya ce Kanawa ne kurame, sai an canza musu kalma gaba ɗaya suke ganewa. Shekara bakwai muna wannan gardamar a kan keke, ba wanda ya ci. Ya auri wata 'yar Jidda mai takardunta, mace mai kamun kai da zafin zuciya, amma takardunta ba su rufe shi ba. Suna da jaririya guda, wadda lokacin ko zama ba ta fara ba.

Akwai doka tsakanin masu keke irinmu, ba mu muka kafa ta ba, mun tarar da ita. Ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya gaba, ɗaya baya, da tazarar da za a ce ba ku san juna ba. In dauriyya ta kama ɗaya, ya ɗaga murya ya ce tafi, ɗayan kuma kada ya kuskura ya waiwaya, don waiwayen nan shi ne shaidar tare kuke, sai a haɗa ku biyu. Ka miƙe kawai, ka je aikinka, da yamma ka kai labari gidansa don a kai masa kaya inda ake tara waɗanda za a mayar gida, wurin da ake kira tarhil. Dokar ta ceci mutane da yawa, ni shaida ne. Ba rashin zumunci ba ne, zumuncin ke nan a wurinmu: ɗaya ya tsira don iyalin ɗayan su san inda yake.

Sanyin Jidda kuma shi ne ya fi rikita baƙo. A gida sanyi busasshe ne, ruwan sama kuma da ɗumi yake zuwa. A nan an juya abin, cikin sanyi ake ruwa, lokacin da suke kira shita. Ba kullum ba, sau ɗaya ko biyu a shekara, wata shekarar ma ko ɗigo. Amma in ya zo, ƙasar garin nan ba ta shan ruwa, kuma a wancan zamanin ba a yi masa hanyar wucewa ba, sai ya gangaro daga duwatsun gabas ya bi titi kamar shi ma aiki za shi. Shirinmu na sanyi ba wani abin a zo a gani ba ne. Baƙar ledar shara ka huda wa kai da hannuwa, ita ce rigar ruwa. Safa biyu, ɗaya a ƙafa cikin leda, ɗaya a hannu. Rawani a rufe kunne da hanci. In ƙarfen taya ya jiƙe birki ba ya kamawa, sai ka riƙa matse shi kaɗan-kaɗan kana tafiya don ya bushe. Tsoho mai faci yana da magana guda da yake maimaitawa duk shekara: inda idonka bai ga kwalta ba, kada tayarka ta taɓa. Mu kuwa 'ya'yan damina, ruwa bai taɓa ba mu tsoro ba. Mun ƙetare rafi da kaya a ka tun muna yara, muna ganin ruwan titi abin wasa ne.

Ranar da abin ya faru, tun kafin kiran salla ake ruwa. Mun fito daga masallaci gari bai waye ba kamar yadda ya saba, sama ta yi baƙi ƙirin. Tsohon yana tsaye a ƙofar shagonsa yana tare ruwa da katako.

"Yau ba ranar baskalita ba ce," ya ce mana. "Ku koma ku kwanta."

Bagobiri ya yi dariya. "Baba, wanga ruwa? A Maraɗi cikin irinai muka zuwa gona."

"Nan ba Maraɗi ba ce, ya waladi. Halas, na faɗa muku."

Kafintan yana da ƙofofin da za a kai ranar, kuma mutum marar takarda in ya yi fashin kwana ɗaya, gobe wani zai tarar a wurinsa. Muka sa ledojinmu muka hau. Ranar ni ne a gaba. Har muka wuce rabin hanya ruwan bai wuce idon sawu ba, sai da muka kai wani wuri da ake haƙa don gina sabuwar gada, nan ya kai tsakiyar taya, ja, mai sanyi, yana ja ta gefe. Ba na ganin kwalta. Na ɗaga kai, sai ga fitila mai juyawa a kan wata mota a gefen dama. Ban tsaya tantance kalarta ba, na sunkuyar da kai na danna feda. Na wuce ta da kaɗan sai na ji ƙarar ƙarfe a bayana, sannan muryarsa cikin ruwa da iska. Na ce wa kaina tahi ya ce. Ban waiwaya ba. Na miƙe har Ruwais, na cire leda, na sa busasshiyar riga, na wuni ina goge ƙofa.

Da yamma na je gidansa kamar yadda doka ta ce. Matarsa ta tsaya a bayan labule da jaririyar a kafaɗa.

"Dauriyya ce?" ta tambaya.

"Na ga fitilarsu," na ce. "Ya ce in tafi."

Ta gyara jaririyar a kafaɗarta. "Alhamdu lillahi da ba ku biyu ba. Gobe zan kai masa kaya. Zauna ka sha shayi, ya akhuya, kana rawar sanyi."

Na sha shayin. Kwana uku tana zuwa tarhil da jakarsa, ana ce mata babu mai wannan suna. Ba wanda ya damu, don kowa ya san mutanenmu in an kama su wani suna suke bayarwa. Aka ce ta yi haƙuri, da ya sauka gida zai aiko.

A kwana na tara tsoho mai faci ya kira ni cikin shagonsa ya janyo ƙofa. A ƙasa ga keke, ƙahonsa a murɗe, tayar gaba ta lanƙwashe, jar laka ta bushe a jikinsa. Ban buƙaci a gaya mini ba. Ga jar robar da ya naɗe hannun keken da ita, ga wurin da fentin ya goge saboda bugun famfo. Wani direban motar zuƙe ruwa ne ya kawo shi a sayar a matsayin tsohon ƙarfe, kuma motarsa ce mai fitilar da na gani. Ba dauriyya a wurin ranar, ko ɗaya. Ramin ginshiƙin gada ne, ruwa ya kwashe katakan da aka kewaye shi da su, ya cika shi ya daidaita da titi. Ni na wuce ta gefensa da taku ɗaya ban sani ba. Sai bayan kwana biyu da suka zuƙe ruwan suka ga mutum a ciki, ba takarda a jikinsa, ba wanda ya zo nema. Aka yi masa sutura aka binne shi a matsayin majhul, wanda ba a san ko wane ne ba.

Tsohon ya dube ni. "Kana gaba ko kana baya?"

"Gaba."

Bai ƙara tambaya a kan wannan ba. "Je ka gaya mata. Takaba tana kanta, haramun ne ka bar ta haka."

"Gobe, Baba," na ce.

Sau uku ina zuwa ƙofarta ina komawa. Ba zan yi wa kaina ado ba, tsoro ne da kunya. Tsoro, don in ta je neman gawar mijinta za a tambayi wanda suke tare, kuma ni ne. Kunya, don tambayarta ta farko na san ta: ba kai ka ce ya ce ka tafi ba? Kowace rana da ta wuce sai maganar ta ƙara nauyi, yau in ce gobe, gobe in ce ai yanzu za ta ce me ya sa na yi shiru jiya. Da tsohon ya matsa mini, na ce masa na faɗa mata, ta roƙa kada a yi zancen a layi. Ya yarda da ni. Kafin azumin shekarar ya rasu, ya tafi da ƙaryata a kunnensa.

Daga nan shekaru suka yi ta wucewa a kan maganar. Ta yi magana a kaset ta ba alhazan Maraɗi su kai wa danginsa, amsa ta dawo cewa ba su gan shi ba. Sai masu baki suka fara nasu aikin. Wani ya ce an gan shi a Legas yana sayar da agogo, wata ta ce ai ya yi aure a Agadas har da 'ya'ya. Ina zaune ake faɗa, ina jinjina kai. Matar ta daina kuka, ta koma fushi, kuma fushinta bai taɓa sauka ba. Ta yayyage hotonsa guda ɗaya da ke gidan. Ta hana a ambaci sunansa. Ta zauna tana soya ƙosai da waina a ƙofar gida har ta raini 'yarta, ba ta sake aure ba. Ba a yi masa zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba, ba wanda ya ce Allah ya jiƙansa sai ni, a ɓoye, kamar mai sata. Wata rana na kai mata buhun gari a kariya, ta tsaya tana kallon keken, ta ce, "Wallahi da mutuwa ya yi da na yafe masa." Na sauke buhun na ce mata sai anjima.

Ni kuwa rayuwa ta yi mini sauƙi, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na samu kafili, na samu iƙama, na yi aure, na haifi 'ya'ya. Na mayar wa kekena fitila da ƙararrawa, na sayi farar riga, na ci gaba da taka shi rani da shita, sai dai na canza hanya, ban sake bi ta gadar nan ba ko bayan an gama ta. 'Yarsa tana ce mini Ammi, wato baffa, ni na tsaya mata ranar aurenta. Da uwar ta rasu, ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Mutane suna yabona, suna cewa ga abokin kirki, ya riƙe amanar wanda bai riƙe tasa ba.

Makon jiya na ɗauko keken daga inda 'ya'yana suka ɓoye shi, na shafa wa kaca mai, na nufi Waziriyya, inda 'yar Bagobiri ta koma da iyalinta bayan rusau. Tafiyar da a da ba ta kai shan shayi ba, sai da na huta sau huɗu. Titunan sun yi faɗi, motoci suna wucewa kamar an koro su, yaran da ke kai abinci a babur suna yi mini hon suna dariya. Na iske ta da la'asar. Yanzu ita ma furfura ta fara leƙowa daga mayafinta, babban ɗanta har ya fara aiki. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi magana rabi Larabci ne.

"Ammi! A kan baskalita? Haram alaik, da ka kira an ɗauko ka."

Na ce ta zauna, maganar babanta na zo da ita. Fuskarta ta canza, ta ce ba ta da uba. Na ce tana da shi, kuma a garin nan yake kwance. Na faɗa mata duka, ruwan, fitilar, ramin, keken da ke shagon tsoho, zuwana uku ƙofar uwarta. Ba ta katse ni ba. Da na zo kan kalmar sai ta ɗaga hannu.

"Ban fahimta ba, Ammi. Tahi, taho, esh al-farg? Mene ne bambancin?"

Na yi mata bayani kamar yadda ake yi wa ɗan makaranta, ɗaya ka yi nesa da ni, ɗaya ka zo gare ni. Ta maimaita su a hankali, tana gwada su a bakinta, maganar ubanta da ba ta taɓa ji ba.

"Sau nawa ya kira?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar, ni ma ban taɓa yarda na yi wa kaina ba. "Sau uku," na ce.

"Duka ukun ba ka ji daidai ba?"

"Na farko ruwa ya cinye ƙarshensa. Na biyu ban tabbata ba. Na uku taho ya ce. Da sunana na yanka ya haɗa."

Na zaci za ta yi ihu, ko ta kore ni, kuma da na fi son haka. Ta zauna tana kallon tafin hannunta har aka fara kiran magariba a nesa. Sannan ta tashi ta leƙa ɗaki ta kira ɗanta, ta ce ya je wurin masu ba da hayar kujeru, a jera su a ƙofar gida kwana uku kamar yadda ake yi a garin nan in an yi rasuwa, ya kuma sanar da liman da mutanen tsohon layi duk inda suke.

"Wa ya rasu, ya ummi?" ya tambaya.

"Abuya," ta ce. "Babana."

Yaron ya dube ta, ya dube ni, ya fita. Na yunƙura zan tashi, ina neman abin da zan ce, yafiya ko gaisuwa, ban san wanne ya kamata ya riga ba. Ba ta ba ni dama ba.

"Ba za ka je ko'ina ba, Ammi," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Ana buƙatar namiji daga wajensa a layin masu karɓar gaisuwa. Ba shi da kowa a nan sai kai."

Kwana uku na tsaya a farkon layin, bayan magariba zuwa isha. Tsofaffin da suka zage shi da bakinsu suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kama hannuna da hannu biyu ya ce Allah ya ba ni haƙurin rashin ɗan'uwana. Ni kuma ina cewa amin.